Makon da Maza Suka Tafi Farauta

Litinin, 30 ga Oktoba, bayan tashi daga aiki

Yau an tara mu 'yan aikin safe a ɗakin cin abinci aka raba mana kofi da kek, tun daga nan na san da magana. Kamfanin cukunmu ba ya ba mutum kek haka kawai.

Wata mata daga ofishin ma'aikata ta sake rera mana waƙar da muke ji tun farkon shekara: kamfani ya bar tsohuwar inshora, ya buɗe mana asibitinsa a nan cikin ma'aikata, kyauta, ba layi. Wai da can sai ka je wurin likita ake biyan sa, saboda haka ciwonka ne abincinsa. Yanzu kuwa duk wata ana biyan asibitin a kan kowane ma'aikaci, ka je ko kada ka je, don haka lafiyarka ce ribarsu. Lyle, abokina tun muna samari, ya sunkuyo ya ce min ashe mun zama shanun madara, da kai ake ƙirga mu. Na yi dariya don kada a ga ban yi ba.

Sabuwar maganar ita ce kowa sai ya shiga an duba shi kafin Nuwamba ta ƙare. Wanda bai shiga ba za a mayar da shi wani tsarin inshora mai tsada, irin wanda sai ka kusa mutuwa yake fara biya.

Ƙofar asibitin nan tana kallon teburan cin abinci. Wanda ya tsara ginin bai taɓa zama da mu ba. Duk wanda ya shiga, kafin ya fito an gama laƙaba masa ciwo uku a bakin mutane. Kuma bango ɗaya ne tsakanin asibitin da ofishin Gwen, shugabar sashenmu.

Hannuna na dama a aljihu ya zauna har aka tashi taron. Shekarata sittin da ɗaya, ni ke tuƙa motar ɗaga kaya, kuma inshorar gwamnati ta tsofaffi sai mutum ya kai sittin da biyar. In aka ga hannun nan aka karɓe motar, ban san abin da zai rage min ba.

Laraba, 1 ga Nuwamba, da safe

In hannun yana riƙe da sitiyari lafiya lau yake. Sai na ajiye shi a cinya yake fara rawa, kamar mai murza gishiri tsakanin yatsu. Don haka nake rubutun nan, in riƙa ganin ko har yanzu yana jin magana.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, da yamma

Na je cin soyayyen kifin Juma'a a zauren coci. Tun rasuwar Marlys, matata, ban cika zuwa ba, don duk tebur biyu-biyu ake zama. Na zaɓi kujerar jikin bango, na ci da hannun hagu kamar ɗan koyo.

Ina cikin ci Likita Halvorsen ta ja kujera ta zauna, ba ko neman izini. Ita ce likitar gidanmu tun haihuwar 'yata Denise, ita ta riƙe Marlys har ƙarshe. Daga farkon shekarar nan inshorarmu ba ta biyan ta. Ta tsufa a idona. Ta ce rabin marasa lafiyarta kamfaninmu ya kwashe, sauran kuma kamfanonin inshora sun ce ba za su biya ta yadda suka saba ba sai ta nuna musu a kwamfuta cewa hawan jinin mutanenta ya sauka. Ta ce ba ta ƙi tsarin ba, akwai hankali a cikinsa, ita ce dai ya zo wa a makare. Ƙarshen shekara za ta rufe.

Sai ta kalli aljihuna. Ba fuskata ba, aljihuna.

"Vern, tun yaushe?"

Na ce mata sanyi ne, kakar bana ta zo da wuri.

"Ni za ka yi wa sanyi? Ka je wurin nas ɗin nan ta kamfaninku, Kalia. A hannuna ta yi koyon aiki, tana da ido."

Na ce ni ita na sani, zan zo ofishinta in biya daga aljihuna. Ta ce in zo mana, ba ta korar kowa, amma duk inda za ta tura ni daga nan inshorata ba za ta biya ba sai takarda ta fito daga asibitin kamfani. Ta ce sabo turken wawa, Vern. Ta ɗauki dankali ɗaya daga farantina ta tashi.

Na ji haushinta har gida. Ban san dalili ba, ita ba ta yi min komai ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba, da rana

Ban yi magana da kowa ba yau. Rediyo ce ta yi ta yi.

Talata, 7 ga Nuwamba, da la'asar

Wata ta kira daga kamfanin inshora, daga jin harshenta 'yar kudu ce. Ta tuna min ban shiga an duba ni ba. Daga nan ta shiga tambayoyinta: ina samun abinci, ina da mai kai ni asibiti, ina da wanda nake hira da shi in raina ya ɓaci? Na ce mata mutane sun yi min yawa, har korar su nake. Ta yi dariya, dariya mai daɗi kuwa. Na tambaye ta ko ana ruwa a garinsu, ta ce a'a, rana ake ƙwallawa. Na so in ƙara tambayar ta wani abu, sai ta ce ta gode, tana da wasu a layi.

Bayan ta ajiye na daɗe riƙe da wayar. Abin kunya ne dattijo kamata ya ji kewar mai tambayoyin inshora, amma na ji.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, lokacin hutun rana

A mota nake cin abincina yanzu, a wurin ajiye motoci. Sanyi ya fara cizo.

Mutane sun daina bi ta layin da nake aiki. Matan sashen naɗe cuku da can ta gabana suke yankewa zuwa banɗaki, ɗaya daga cikinsu, Yolanda, ta ɗaga min hannu, ta ce tsoho a rage gudu, in danna mata oda. Yanzu zagayawa suke ta bayan injina. Na sha jin cewa in matar mutum ta mutu jama'a sukan rasa abin da za su ce masa, su riƙa kauce masa. To shekara ta zagayo, ni ba ta'aziyya nake nema ba. Sannu kawai.

Litinin, 13 ga Nuwamba, bayan tashi daga aiki

Ranar Asabar za a buɗe farautar barewa. Duk ma'aikata ba wata hira sai ta bindiga da bukka da wanda zai kawo giya. Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu ban taɓa fashi ba, har shekarar da aka yi wa Marlys aiki ita ta kore ni ta ce in je in ba ta wuri.

Lyle ya same ni ina sa wa motata caji ya ce ya gyara murhun bukkarmu, ranar Juma'a da rana za mu kama hanya. Na ce masa bana ba da ni ba, Gwen na neman masu aiki a makon, na riga na ba da sunana. Na shirya amsoshi kala-kala don na san halinsa, sai ya ce na zama ɗan gatan ofis, sai ya ce tsoron sanyi nake. Ya tsaya yana kallon tayar motar. Ya ce to shi ke nan, zai kawo min nama.

Shi ke nan. Ko ja bai yi ba. Wannan ya fi min ciwo a kan da ya zage ni.

Ba zan riƙe bindiga a bayan Lyle cikin daji da wannan hannun ba. Wannan kam ko ba likita na sani.

Laraba, 15 ga Nuwamba, da yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru a layi na huɗu ba. Ba wanda ya ji ciwo.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, da safe

Ƙafar ce ta makara. Na ce mata birki, ta tsaya shawara. Kwali biyu ne kawai suka fashe, na ce wa Gwen katakon da aka ɗora kayan ne ruɓaɓɓe, ta rubuta haka. Keken turawar Yolanda yana jingine a wurin, ya lanƙwashe. Ita ba ta wurin.

Ba ta wurin. Na yi ta faɗa wa kaina haka har na zo gida.

Ashe ba hannun kaɗai ba ne.

Asabar, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Tun fitowar rana nake jin bindigogi daga can bayan kogi. Duk motar da ta wuce cike take da masu jajayen riguna. Na wanke kwanuka, na share dusar ƙanƙarar da ta ɗan zuba a bakin ƙofa, na sake wanke kofin da na riga na wanke.

Na yanke shawara. A makon nan rabin mazan ma'aikata suna daji, ɗakin cin abinci zai zama kufai. In zan shiga ƙofar asibitin nan, to yanzu ne. Su auna jinina su auna nauyina in fito, hannu a aljihu, a rubuta an duba ni.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, bayan coci

Denise ta kira daga Tucson, can nesa inda take zaune. Ta ce in zo bikin godiya na shekara-shekara da za a yi ranar Alhamis, za ta sayi tikitin jirgi, yara suna tambayata. Na ce aiki. Ta ce in kunna hoto ta gan ni, na ce wayar ta lalace. Sai ta ce, "Baba, muryarka ta yi ƙasa, sai na kasa kunne nake jin ka." Na ce layin ne.

Rubutuna yana ƙanƙancewa. Na duba shafin farko na duba wannan, kamar ba mutum ɗaya ya yi su ba.

Litinin, 20 ga Nuwamba, lokacin hutun rana

Na je har bakin ƙofar. Na sayi ruwan lemo a injin da ke gefenta na dawo.

Talata, 21 ga Nuwamba, bayan tashi daga aiki

Na shiga.

Ina tsammanin zan tarar da wurin wayam, sai na ga maza uku a zaune, kowa ya kafa wa takalminsa ido. Duk na san su, duk mafarauta ne. Ɗaya ya ce min bana gwiwa ta hana shi, na ce ni ma aiki ya riƙe ni. Rabon da in ji ina cikin 'yan uwana kamar a kan bencin nan na manta.

Nas Kalia ƙaramar mace ce mai magana a hankali. Ta ce makon farauta shi ne kasuwarta, kowa jira yake abokansa su ba da baya. Ta auna jini da nauyi, na miƙe zan tafi, ta ce in zauna. Na ce kada in cinye mata lokaci. Ta ce ba da yawan mutanen da ta gani ake biyan ta ba, ba inda za ta. Ta ɗauko maganar Marlys, ashe ta san ta tun tana koyon aiki. Ta tambayi abin da nake ci da yadda nake barci. Ina cikin ba ta labarin miyar kabewar da Marlys take yi na manta da kaina, na fito da hannun ina kwatanta girman tukunyar. Da na gama na ajiye shi a cinya. Shi kuwa ya fara aikinsa.

Ba ta yi kamar ba ta gani ba. Ta sa na yi tafiya zuwa ƙarshen ɗaki na dawo, ta sa na buga yatsu, ta lanƙwasa min gwiwar hannu ta miƙe. Ta faɗi sunan abin da take zato. Ba zan rubuta shi ba. Ta ce ba ita ce mai yanke hukunci ba, akwai babban likita a birni, za ta nema min rana, wataƙila cikin Janairu. Ta ce akwai magani, mutane suna daɗewa da shi suna harkokinsu.

Na nuna mata bango na ce Gwen fa?

"Doka ta hana ni, kuma ko ba doka ba zan faɗa ba. Abin da aka yi a ɗakin nan a nan yake tsayawa."

Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na fara sa rigata.

"Amma zan faɗa maka kai. Ban yarda ka ci gaba da hawa motar nan ba kafin a gan ka. In ka so, zan rubuta a canza maka aiki, ba sai na faɗi dalili ba. Ko za su samo maka wuri, wannan ban da iko a kai. Ƙafar tana makara?"

Na ce a'a.

Ta dube ni ta ce to, ƙofarta a buɗe take.

An rubuta an duba ni. Abin da na je nema na samu. Na koma na hau motata na ƙarasa aikin ranar, a hankali kamar mai bin gawa.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, da rana

Bikin godiya. Na gasa cinyar talotalo ɗaya na ci a tsaye. Maƙwabta sun cika titi da motocin baƙi, ina jin yaransu ta taga.

Ba wanda ya sani sai ni da ita. Ba wanda zai sani. Shekara huɗu ba su da yawa in mutum ya bi a hankali.

Juma'a, 24 ga Nuwamba, da safe

Shekara huɗu suna da yawa.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, da la'asar

Lyle ya zo da nama a cikin akwatin ƙanƙara, yana warin hayaƙi, gemu ya fito masa fari fat. Ya ce ƙaramar barewa ce, tausayinsa ta ji ta tsaya. Na dafa kofi muka zauna a kicin. Ya ba ni labarin daji, wanda ya faɗa rafi da wanda ya yi barci a kan bishiya har barewa ta wuce ta ƙarƙashinsa. Na yi dariyar gaske.

Can ya ce ya ji na shiga wurin nas. Na ce ashe ko daji gulma tana kaiwa. Na ce hawan jini ne kawai. Ya juya kofinsa a kan tebur, ya juya, ya juya.

"Vern, mun sani fa."

Na ce kun san me.

"Tun cikin bazara. Yolanda ce ta fara lura. Ita ta tara matan ta ce kowa ya daina bi ta layinka, su zagaya ta bayan injina. Mu kuma muka ce wa masu lodi duk wanda ya ji odarka ya ba ka fili sosai. Mun ce a lallaɓa ka kai sittin da biyar ɗin."

Na tambaye shi su waye mu. Ya ce duk 'yan aikin safe. Gwen ce kawai ba a faɗa wa ba, ita ma dai ba makauniya ba ce.

Watanni ina cin abinci a mota ina cewa an guje ni, ashe mutum arba'in ne suke tafiya a kaikaice don kada in taka su. Kunya ta rufe ni, da wani abu da ya fi kunya nauyi. Na ce masa me ya hana su yi min magana.

Ya ce, "Kai ɗin? Wa ya isa? Ai da ka haɗiye mu." Ya ture kofinsa gefe. "Amma ranar Larabar nan kafin mu tafi na ga keken Yolanda. Ta ajiye shi ne ta je ɗauko safar hannu. Ban yi barcin kirki a daji ba, tsoho."

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce baɗi zan zo bukka ko ban riƙe bindiga ba, suna bukatar mai dafa wake, nasa ba ya ciwuwa. Na ce wannan gaskiya ne.

Bayan tafiyarsa na kira Denise na kunna hoton.

Litinin, 27 ga Nuwamba, bayan tashi daga aiki

Na fara biyawa wurin Nas Kalia, ɗakin cin abinci cike da maza ana rabon nama, na ratsa ta tsakiyarsu na shiga. Na ce mata ƙafar tana makara. Ta ce ta sani, ta rubuta takardar.

Na kai wa Gwen tare da makullin motar. Ta karanta, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce akwai teburin manna takardar shaida a jikin kwalaye, zan iya zama a can zuwa ƙarshen Janairu. Bayan nan sai abin da ofis suka ce, ba za ta yi min alkawarin da ba nata ba. Na ce na gode. Ta ce shekara nawa ina kan motar nan, na ce tun tana makarantar firamare.

Teburin yana ƙarshen sashen naɗe cuku, kusa da Yolanda. Ta turo min kujera da ƙafa ta ce tsoho a nan ma a rage gudu. Aikin ba wuya, sai dai takardun suna fitowa a karkace, ta ce ba komai, cuku bai iya karatu ba.

Wajen ƙarfe goma na tashi zan je banɗaki, na yanke ta layi na huɗu. Sai na ji oda a bayana. Motata ce a hannun wanda aka ba ita, ya ɗauko kaya har sama yana jira.

Na matsa jikin bango na ba shi hanya.